Ciwo a gwiwa, amma an ce laifin na mazaunai ne: masu gudu ku warware mini

Telan Gadon Ƙaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai ciwo ya sa na magantu. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Ni tela ne a Kano, shekarata 36. Daga tara na safe har bayan isha'i ina kan kujerar keke, salla da abinci kaɗai ke tayar da ni, in ɗinkin salla ya taso kuwa a shago muke kwana. Shekara biyu ke nan da na fara sassarfa bayan sallar asuba saboda tumbi da ya fara yi mini sallama. Kilo 84 nake a lokacin, yanzu 75. Hanyata ɗaya ce: daga Gadon Ƙaya in bi ta Kabuga in hau titin Gwarzo, in waya ta nuna kilomita 4 in juyo. Sau uku a mako, kilomita 24 ke nan, ban taɓa jin ko ƙwarzane ba.

Sai bana na sa wa raina zuwa gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, cikakken mai kilomita 42. Na mayar da fitata sau biyar a mako, ranar Lahadi in yi 16, cikin mako uku na tashi daga 24 na kusa 50. A mako na huɗu gwiwar hagu ta ce ba ta yarda ba. Ciwon ta gefen waje yake, sama kaɗan da gaɓar, kamar an ɗora mini ƙusa mai zafi. Ba ya zuwa sai na kai kilomita 5 ko 6. In na koma tafiya sai ya lafa, in na sake gudu ya dawo. Saukowa daga bene kuwa sai na riƙe ƙarfe. Ba kumburi, ban faɗi ba, ban gurɗe ba.

Na shafa man zafi har fatar wurin ta yi duhu, na gasa da ruwan zafi, na je Ƙofar Wambai na sayo wani kambas ɗin ko takalmin ne, har maƙwabcina ya ce in je a yi mini ƙaho. Duk a banza.

Shekaranjiya wani malamin motsa jiki na sakandare ya kawo ɗinkin shadda, ya gan ni ina ɗingishi. Ya ce in tsaya gaban madubin shago da ƙafar hagu kaɗai, in ɗan tsuguna. Wallahi ina kallo gwiwata ta karkata ciki kamar za ta gaida 'yar'uwarta, ƙugun dama ya zube ƙasa, na kusa faɗawa kan teburin yanka. Da ƙafar dama abin bai kai haka ba. Sai ya ce, "Malam, gwiwarka ba ta da laifi, tsokar mazaunanka ce ta yi barci saboda zama." Yaran shago har yau dariya suke.

To gaskiya ne? Ta yaya ciwo zai kasance a gwiwa a ce a je a nemi maganinsa a baya? Ni a sanina atisayen wannan wuri mata ne ke yi a Instagram don ado. In kuma gaskiya ne, me zan yi, ni da ba ni da kuɗin gidan ɗaga ƙarfe kuma ba ni da lokacinsa? Sannan ba zai sa in yi nauyi gudun ya ragu ba?

Ɗan Adaidaita

Malam Tela, in dai zama ne ke kwantar da tsokar, tawa ta daɗe da rasuwa, a yi mata addu'a kawai. Muna jiran masana.

Fisiyo daga Zazzau

Wa'alaikumus salam Malam Tela. Gashi da motsa gaɓoɓi shi ne aikina. Hukuncin ƙarshe sai wanda ya taɓa gwiwar da hannunsa, amma abin da ka siffanta ya yi kama sosai da ciwon da muka fi gani a gefen gwiwar masu dogon gudu. Akwai wata jijiya mai faɗi da tauri kamar bel, ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ta waje ta manne ƙasa kaɗan da gwiwa. Duk lokacin da ƙafarka ta sauka gwiwa na ɗan lanƙwashe, tana danne naman da ke ƙarƙashinta a jikin ƙashin cinya. In dannawar ta yi yawa wurin ya fusata. Shi ya sa ba ka jin komai sai ka yi nisa, shi ya sa kuma gangara da saukar bene suka fi cin ranka. Babbar tsokar mazaunai a jikin wannan bel ɗin mafi yawanta ya manne, ka ga dangantakar ba ta nesa ba ce.

Tsokokin wurin uku ne. Babbar, wadda ake zama a kanta, ita ce mafi girma a jikin ɗan'adam. Ita ke tura cinya baya, ita kuma ke riƙe gangar jiki kada ta kife gaba idan ƙafa ta dira. A 2006 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna ta, suka ga a tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa aikinta kaɗan ne, sai an fara gudu take tashi tsaye. Sauran biyun, ta tsakiya da ƙarama, suna can gefe, daidai inda kake dafa hannu in ka riƙe ƙugu, ƙasa kaɗan. Su ne suka ba ka kunya a gaban madubi.

Ka lura, a gudu ba a taɓa samun ƙafa biyu a ƙasa lokaci guda. Tsalle ne daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuma kowace dira ƙasa na mayar maka da ninki biyu zuwa uku na nauyinka. Kai mai kilo 75, ka lissafa sama da kilo 150 a kan ƙafa ɗaya, kusan sau dubu goma a kilomita 10. A kowace dirar, tsokar gefen ce ke hana ɗaya ɓangaren ƙugun zubewa, ta kuma hana cinya shigewa ciki. Wannan zubewar ƙugu tun 1895 wani likitan tiyata Bajamushe, Trendelenburg, ya siffanta ta, da sunansa muke kiran gwajin har yau.

Binciken da ya sa maganar ta yaɗu na jami'ar Stanford ne a Amurka, a 2000. Sun ɗauki masu dogon gudu 24 masu irin ciwonka, suka tarar tsokar gefen ta ƙafar mai ciwo ta fi rauni. Bayan mako shida ana ƙarfafa ta, 22 sun koma gudu ba ciwo.

Amma kada in sayar maka da rabin gaskiya. Na farko, tsokarka ba barci take ba. Da barci take da ba ka iya tashi daga kujerar keke. Ƙarfinta da juriyarta ne ba su kai aikin da ka ɗora mata ba. Na biyu, mutum 24 ɗin nan sun kuma huta da gudu a lokacin, saboda haka ba za a ba atisayen duka ladan ba. Na uku, a 2014 an tattara binciken da aka yi kan ciwon gaban gwiwa, aka ga masu ciwon lallai ƙugunsu na da rauni, amma da aka auna masu lafiya aka bi su, raunin bai nuna wanda zai kamu ba. Wato wani lokaci ciwon ne ke haifar da raunin. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne gwajin da aka yi a Finland aka buga a 2024: sababbin masu gudu 325 aka raba gida uku na mako 24, waɗanda suka yi atisayen ƙugu da tsakiyar jiki suka samu ragin kashi 39 cikin 100 na ciwukan yawan aiki a ƙafa, idan aka gwada su da masu miƙe jijiya kawai.

Abin yi bai buƙatar gidan ƙarfe a yanzu. Tabarma, bango, bencin shagonka da tsohon tub na tayar keke sun isa. Ka kwanta a gefen dama, ka jingina baya da bango, ka ɗaga ƙafar hagu a miƙe, dunduniya na goge bangon, yatsu suna kallon gaba. In ka ji aikin a gaban cinya to ƙafar ta zamo gaba, a gefen mazaunai ya kamata ka ji wuta. Sai gada: ka yi rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka tura ƙasa da dunduniya ka ɗaga ƙugu, in ta yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Sai tafiyar ƙaguwa: ɗaura tub ɗin a idon sawu, ɗan rage tsawo, ka yi taku goma sha biyar gefe ka dawo. Mafi muhimmanci, ka tsaya da ƙafa ɗaya kan bulo a gaban madubin nan naka, ka sauke ɗaya dunduniyar a hankali ta taɓa ƙasa, gwiwa na saitin yatsa na biyu, ƙugu a daidaice. Zagaye uku na goma-goma, sau uku a mako, ƙafa biyun duka.

In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ta riƙa sakinka, ko ciwon na tashinka da dare, ka bar duk wannan ka tafi asibiti.

Tsohon Ɗan Tsere, Jos

Ɗana Tela, likita ya yi maka bayanin ilimi, ni kuma bari in yi maka na tsufa. Shekarata 63, na yi tsere ina saurayi, yanzu yara nake fitarwa da safe.

Kana ta zargin tsoka, kun bar jaki kuna dukan taiki. Shekara biyu wannan tsokar tana kai ka tana dawo da kai ba ta yi ƙara ba. Me ya canja? Kai ne ka ninka mata kaya cikin mako uku. Ko jakin Kano aka yi wa haka sai ya durƙusa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kilomita 42 kuma ba a shirya mata a gurguje. Wanda yake kan 24 a mako yana buƙatar wata biyar zuwa shida yana ƙari kaɗan-kaɗan, mako uku a hau, na huɗu a sauko a huta.

Sannan ina da tambaya. A wane hannun titi kake gudu? In kana fuskantar motoci kamar yadda mai hankali ke yi, hagu kake bi da zuwa, hagu da dawowa. Titi kuwa a karkace ake yinsa don ruwa ya gangara kwata. Ke nan ƙafarka ta hagu kullum tana ƙasa da ta dama, taku dubbai, wata da watanni. Ka nemi fili ko hanyar ƙasa mai laushi ka riƙa sauyawa.

Mu a zamaninmu ba mu san sunan wata tsoka ba, hawan dutse muka sani. Ka dubi yaran Pankshin da ke cinye tseren nesa a ƙasar nan, a kan tudu suka tashi. Hawa shi ke gina bayan mutum, don dole ka tura ƙasa da ƙugu. Kuna da Dala da Goron Dutse. In ciwon ya lafa, ka hau da ƙarfi, ka sauko da tafiya kamar mai tsoron tashin jariri. Saukowa da gudu ita ce za ta mayar da kai gidan jiya. Kuma ka rage faɗin takunka, masu koyon gudu suna son jefa ƙafa can gaba kamar masu tsallake kwata.

Telan Gadon Ƙaya

Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi kamar kana bayana: hagu nake bi zuwa da dawowa, a bakin kwalta daidai inda ta gangara. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Likita na gode, na yanko tub a wurin mai faci. Jiya na gwada ɗaga ƙafar a jikin bango, ta dama ta yi 20, ta hagu a na 11 ta fara rawa. To gudun fa, in daina gaba ɗaya?

Fisiyo daga Zazzau

Maganar Baba ita ce kan gaba, tawa tana biye. Ba sai ka daina ɗungurungum ba. Tunda ciwon a kilomita 5 yake zuwa, ka tsaya a 3, rana ɗaya gudu rana ɗaya hutu, a wuri mai shimfiɗa. In ya zo tun kafin 3, ka ajiye gudun mako biyu ka riƙa tafiya da sauri. Batun taku ma an auna shi a jami'ar Wisconsin a 2011: ƙara yawan taku a minti da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da gwiwa ke sha. Ka ƙirga takunka na minti ɗaya, in 160 ne ka nufi 168.

Madubin kuma kada ka raina shi. A wani gwaji na 2011 an ƙarfafa wa mata masu gudu ƙugu na mako shida, ƙarfin ya ƙaru sosai, amma da suka koma gudu gwiwar ta ci gaba da shigewa ciki kamar da. Ƙarfi daban, sabo daban. Sai an koya wa ƙafar inda za ta riƙa sauka.

Mai Ƙarfe na Sabon Gari

Oga Tela, ba wanda ya amsa maka tambayarka ta ƙarshe. A'a, ba za ka yi nauyi ba. Mu da muke neman jikin da gangan, da cin ƙwai da wake da hutu, da kyar muke ƙara kilo biyu na tsoka a wata shida. Kai mai ƙona abincinka a titin Gwarzo ina za ka same shi?

Kuma da girmamawa ga likita, roba da tabarma na jinya ne. In ka warke sai ka ɗauki abu mai nauyi, in ba haka ba bayan wata ɗaya jikinka ya saba, kana ɓata lokaci ne. A Norway a 2008 an sa ƙwararrun masu dogon gudu tsugunon rabi da ƙarfe mai nauyi, sau huɗu-huɗu zagaye huɗu, kwana uku a mako, har mako takwas. Iskar da suke ci a gudu iri ɗaya ta ragu da kashi 5 cikin 100, nauyin jikinsu bai canja ba. Kamar mota ce da aka gyara ta rage shan mai. Kuma a jami'ar Loughborough ta Ingila an ɗauki hoton tsokar manyan 'yan tseren mita 100, aka ga babbar tsokar mazaunansu ta fi ta na ƙasa da su girma da kashi 45 cikin 100. Ka ce na mata ne!

Ba ka da kuɗin gidan ƙarfe? Jarkar mai ga-ruwa lita 25 kilo 25 ce. Fara da rabinta. Rungume ta ka hau benci da ƙafa ɗaya ka sauko a hankali, ko ka ɗora ƙafar baya kan benci ka tsuguna da ta gaba. Takwas masu wuya sun fi talatin masu daɗi.

Fisiyo daga Zazzau

Na yarda da Mai Ƙarfe kan ƙara nauyi, daga mako na uku ko na huɗu in ciwon ya kwanta. Gyara ɗaya: kashi 45 ɗin nan na masu gudun walƙiya ne. A saurin da Malam Tela ke yi, sharaɓa ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na tura jiki sama da gaba, tsokokin ƙugu sai gudu ya yi tsanani suke karɓar ragamar. Don haka ya haɗa da ɗage a kan yatsu da ƙafa ɗaya a bakin matattakala, kada a gyara baya a bar agara ta ɓaci.

Maman Biyu, Kaduna

Malam Tela, ka janye maganar ado. Ni malamar firamare ce, na fara gudu bayan haihuwata ta biyu, nawa ciwon a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa yake, ko zaman tahiya ya gagare ni. Irin wannan atisayen aka ba ni, a tsakar ɗaki nake yi bayan yara sun kwanta, minti ashirin. Ban ga canji ba sai a mako na biyar, kuma nan ne mutane ke yar da shi. Abu biyu zan ƙara. Kwana biyun farko mazaunanka za su yi tsami har zaman keken zai dame ka, ba ciwo ba ne, zai wuce. Kada kuma ka yi na jarka ana gobe dogon gudunka. Na taɓa yi ranar Juma'a, Asabar ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi.

Telan Gadon Ƙaya

Hajiya na janye, a yafe mini.

Na dawo da rahoto, yau mako bakwai cif. Mako biyun farko kilomita 3 kawai nake yi a wani filin ƙwallo na unguwarmu, ina sauya hannun zagaye. Atisayen Litinin, Laraba da Juma'a bayan na buɗe shago kafin mutane su fara zuwa. Akwai mako guda da ɗinkin biki ya danne ni ban yi ko ɗaya ba, ba zan ɓoye ba. Jarkar na fara da lita 10, yanzu tana 18. Ƙafar hagu a jikin bango ta kai 22, a madubi kuma gwiwar ta daina gaisuwa sai in na gaji a zagaye na uku. Yaron da ya fi kowa yi mini dariya, mai buga ƙwallo, na sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, tasa ta fi tawa rawa, yanzu tare muke yi.

Takuna 158 ne a minti da na ƙirga, na kai shi 166, da farko ji nake kamar ina gudun kaza. Na koma kilomita 26 a mako. Ranar Lahadi na yi 9 ba ciwo, sai a ƙarshe da na gangaro wata 'yar gangara da sauri na ji ya ɗan taɓa ni, na koma tafiya ya sake ni. Legas kuma na yanke shawara mai kilomita 10 zan shiga bana, 42 ɗin sai baɗi in Allah ya kai mu.

Baba, Asabar mai zuwa nake son fara hawan Dala. Sau nawa zan hau a fitar farko?

Tsohon Ɗan Tsere, Jos

Sau uku. In ka ji kana iya na huɗu, ka tafi gida ka sha kunu.